Araha Ba Ta Ado: Abubuwan Da Ke Ɗaga Kuɗin Inshorar Mota Da Waɗanda Ke Sauke Shi



Duk wanda ya tashi a gidan liman ya san zauren gidansu na jama'a ne. Can ake kawo rikicin aure da na gado da na bashi, kuma a 'yan shekarun nan rikicin mota ya shiga sahu. Wata Lahadi bayan la'asar, ina gefe ina zuba wa baƙi shayi a zauren mahaifina nan New Town, sai ga wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Malam Atta ta yi sallama. Tare da ita akwai ɗan ƙaninta, da wani magidanci wanda aka rataye masa hannu a wuya.

Ga yadda abin yake. Hajiya ta haɗa ɗan gadon da ta samu na maigidanta da kwasar adashinta, ta sayi ƙaramar mota ta ba ɗan ƙanin nata bisa tsarin nan na "yi aiki ka biya". Yaron yana ɗaukar fasinja ta hanyar waya, yana kawo mata kuɗi duk mako. Motar tana da farar lamba, kuma Hajiya ba ta yi rowa ba, cikakkiyar inshora ta yanka mata. Ran nan da yamma, a gangaren da ke shiga Circle, ya daki bayan wata babbar mota. Gaban motarsu ya rugurguje, fasinjan da ke baya ya karye a hannu. Da aka kai wa kamfanin inshora rahoton 'yan sanda, suka ga an rubuta cewa wanda ya ji rauni fasinja ne mai biyan kuɗi, sai suka ce su motar gida suka ɗauki nauyinta, ba su san da motar haya ba.

Hajiya ta ce, "Allah gafarta Malam, wallahi na biya. Ga takardar, ga rasit."

Malam ya karɓa ya duba, sa'an nan ya ce, "Hajiya, ranar da kuka je biya, wane aiki kuka ce musu motar tana yi?"

Sai ta dubi yaron. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, dillalin ne ya ce in muka ce ta haya ce kuɗin zai ƙaru. Ya ce mu bar ta a ta gida, ba wanda zai sani."

Wannan zama shi ya sa na ɗauki alƙalami. Da yawanmu muna biyan kuɗin inshora ne kamar yadda ake biyan haraji, don kawai ɗan sanda ya ɗaga mana hannu mu wuce. Ba mu tambayar yadda aka yi lissafin, saboda haka ba mu san inda ake samun ragi na halal ba, ba mu kuma san ragin da ke mayar da takardar ta zama banza ba.

Doka da tushen farashi

Tun shekarar 1958, shekara guda bayan samun 'yancin kai, dokar Gana ta wajabta wa duk motar da za ta hau titi ta kasance da inshorar da ke kare haƙƙin sauran jama'a. Ita ce direbobi ke kira "tad-fati", mu kira ta inshorar dole. Aikinta shi ne biyan wanda motarka ta kashe ko ta raunata, da gyaran dukiyar wani da ta lalata. Game da rai da rauni ba a yanka iyakar abin da za a biya ba, amma game da dukiya akwai iyaka, kuma iyakar ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada ta da tsadar motocin da ke yawo a Ankara a yau. Abin da ya haura iyakar daga aljihunka zai fito, sai dai in tun farko ka nemi a ɗaga maka ita, ka biya ɗan ƙari. Motarka kuwa, ko ta zama gwangwani, inshorar dole ba ta ba ka ko sisi a kanta.

Sama da ita akwai wadda ke haɗa haƙƙin jama'a da gobara da sata. Sama da duka kuma akwai cikakkiyar inshora, wadda ke ɗaukar har da gyaran motarka ko biyan kimarta idan ta lalace gaba ɗaya.

Hukumar Inshora ta Ƙasa, wato NIC, ita ke sa ido a kan kamfanonin inshora, a ƙarƙashin dokar inshora ta 2021 wadda ta maye gurbin ta 2006. Ita ce kuma ke amincewa da mafi ƙarancin farashin inshorar mota, ta hana kamfanoni sayarwa ƙasa da shi. Ma'anar wannan ga mai mota a fili take: inshorar dole ba tumatir ba ce da za a taya a rage. Idan motoci biyu irinsu ɗaya, aikinsu ɗaya, kuɗinsu ba zai yi nisa da juna ba ko a wane kamfani. Wanda duk ya ce zai samo maka ita a rabin kuɗi, to, akwai lauje cikin naɗi.

Haka zalika, tun watan Afrilun 2014 hukumar ta kafa ƙa'idar cewa in ba a biya ba, babu kariya. Zamanin da ake karɓar takarda bashi a ce sai ƙarshen wata ya wuce. Wanda bai biya kuɗin ba, kamfani bai ɗauki nauyinsa ba, ko da wakilin kamfanin abokinsa ne na ƙuruciya.

Abin da ya fi ƙarfin direba

Wani ɓangare na farashin ba ya hannun kowa a cikinmu. Kamfanin inshora tamkar babban asusu ne da dubban masu mota ke zubawa, a ɗiba a biya 'yan ƙalilan da tsautsayi ya faɗa wa. In abin da ake ɗiba ya ƙaru, dole abin da ake zubawa ya ƙaru.

Abu na farko da ke ƙara ɗiban shi ne yawan haɗari. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun nuna cewa daga 2021 zuwa 2024 ba a yi shekarar da mutanen da suka rasu a titunan Gana suka gaza 2,000 ba, ban da dubban da suka ji rauni. Ba mu manta da haɗarin motocin safa biyu da suka yi karo kusa da Kintampo a watan Maris na 2019 ba, inda fiye da mutum 50 suka riga mu gidan gaskiya a dare ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin irin waɗannan yana da iyali, kuma kotu na yanka diyya gwargwadon abin da iyalin suka rasa. Direban da ke gudun wuce sa'a a hanyar Kumasi yana ƙara wa mai ƙaramar mota a Mamobi kuɗin inshora, ko da ba su taɓa haɗuwa ba.

Abu na biyu shi ne darajar sidi. Fitila da bamba da gilashi da lagireto da ake saye a Abossey Okai kusan duk daga waje ake shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema, da dala ake sayo su, a kuma biya kuɗin fito. A shekarar 2022, lokacin da sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, kuma duk mai mota ya ji a jikinsa. Gyaran da kamfani ya yi lissafinsa a farkon shekara ya ninka kafin ƙarshenta. Kuɗin asibiti ma haka. Sidi ya farfaɗo ƙwarai a 2025, amma kowa ya san halin kasuwa: hawan farashi da gudu ne, saukarsa da rarrafe.

Saboda waɗannan dalilai ake sake duba farashin lokaci lokaci, kuma ba kullum ake rabuwa lafiya ba. A tsakiyar 2015 ƙungiyar kamfanonin inshora ta sanar da ƙarin da ya kai kashi 800 cikin 100 a kan inshorar dole, bisa hujjar cewa an daɗe ba a taɓa farashin ba alhali diyya tana ta hawa. Ƙungiyoyin direbobi, da GPRTU a gaba, suka ce ba za ta saɓu ba. Aka dakatar, aka zauna, aka rage. An sake yin ƙari a watan Janairun 2023, aka kuma yi na kashi 10 cikin 100 a Fabrairun 2025. Haraji ma yana taka rawa: a kasafin kuɗin 2025 gwamnati ta sanar da soke harajin VAT a kan inshorar mota. Bugu da ƙari, cikin kuɗin da kake biya akwai ɗan kason da ke tafiya ga asusun biyan waɗanda motar da ba ta da inshora ta buge, ko wadda ta buge mutum ta gudu.

Wannan duk sai dai mu sani, mu yi addu'a, mu kuma yi magana ta bakin ƙungiyoyinmu. Sauran lissafin kuwa yana fitowa ne daga amsoshin da mai mota ya bayar da bakinsa ranar cika takarda.

Abin da ke jikin motar

Tambaya mafi nauyi ita ce wadda Malam ya yi wa Hajiya: wane aiki motar take yi? Motar gida tana fita da safe ta kai yara makaranta, ta kwana a ƙofar ofis, ta komo da yamma. Tasi da torotoro kuwa suna kan titi tun asuba har bayan isha'i, cikin cunkoson Nima da Kaneshie da Madina, ɗauke da rayukan mutane. Haɗarinsu ya fi yawa, wanda za a biya in an yi haɗarin ma ya fi yawa. Shi ya sa aka raba farashi aji aji: motar gida ta mutum ɗaya, motar kamfani, tasi, ƙaramar bas, babbar bas, motar ɗaukar kayan mai ita, motar ɗaukar kayan haya, tirela, tanka, babur. Kowane aji da kuɗinsa.

Tun da Uber ta shigo Ankara a 2016, Bolt da Yango suka biyo baya, iyakar da ke tsakanin farar lamba da rawaya ta rikice a idon mutane. Matasanmu da yawa sun samu abin yi ta wannan hanya, alhamdu lillahi. Amma a wurin kamfanin inshora lissafin bai rikice ba. Motar da ke ɗaukar mutum don kuɗi motar haya ce, ko wane launi lambarta take. Takardar motar gida tana ɗauke da sharaɗin cewa ba a yarda a yi haya da ita ba. Wanda ya karya sharaɗin, kamfani na iya ƙin gyara masa mota, kuma ko a inda doka ta tilasta wa kamfanin biyan wanda aka raunata, yana iya juyowa ya nemi kuɗinsa wurin mai motar.

Sai yawan kujeru. Tushen farashin ƙaramar mota an gina shi ne a kan kujeru biyar, kowace kujera da ta ƙaru tana da nata kuɗin. Wannan ya shafi masu torotoro kai tsaye, musamman motocin da asalinsu na kaya ne, aka kai wa maƙera suka dasa musu kujeru. Adadin da ke cikin takardar DVLA, da wanda ke cikin takardar inshora, da wanda yaron mota ke lodawa a tasha, wajibi ne su zama ɗaya. Fasinjan da aka matsa a kan ƙari ran haɗari shi ke zama abin jayayya.

Girman inji da shekarun mota su ma suna ƙara wani abu a kan tushen farashi. Babban inji ya fi gudu, ɓarnarsa ta fi yawa. Tsohuwar mota kuwa birkinta da tayoyinta da wayoyinta sun fi saurin ba da kunya, ga shi mafi yawan motocinmu sun riga sun ci shekaru a Turai ko Amurka ko Koriya kafin su sauka Tema. Mai niyyar sayen mota ya kamata ya tambayi kuɗin inshorarta tun kafin ya biya, kamar yadda yake tambayar shan manta.

A cikakkiyar inshora kuma, mafi girman kason kuɗin ana lissafa shi ne a kan kimar motar, wani kaso cikin 100 na abin da ka ce ta kai. A nan ne wasu ke yin dabarar rage kima don a rage musu biya, wasu kuma ba da gangan ba, sai dai sun bar kimar shekaru uku da suka wuce ba su sabunta ba. Sakamakon ɗaya ne. Alal misali, a ce motarka ta kai sidi 100,000 a kasuwa, kai kuma ka rubuta 60,000. In ta ƙone ko aka sace, 60,000 ce iyakarka. In kuma gyara ne na sidi 20,000, kamfanoni da yawa za su ce ai kashi 60 cikin 100 na motar ka ba su amana, saboda haka 12,000 za su biya, sauran naka ne. Ƙara kima fiye da gaskiya ma asara ce, domin ba za a biya ka fiye da abin da motar ta kai a ranar haɗari ba.

Akwai kuma inda motar ke kwana. Mu mazauna Nima da Mamobi da New Town da Alajo mun san abin da damina ke yi. Gidajenmu da yawa ba su da garejin ajiye mota, a bakin titi take kwana ko a gidan mai. Daren 3 ga Yunin 2015, da ruwa ya cika Odaw ya malale Circle, ga gobarar gidan mai da ta biyo baya, an rasa rayuka fiye da 150, Allah Ya jiƙan Musulmin cikinsu, kuma motoci masu yawa sun nutse ko sun ƙone. Masu inshorar dole kaɗai ba su da abin nema a kan motocinsu. Duk wanda motarsa ce jarinsa, yana kuma kwana kusa da babban kwalbati, ya auna wannan kafin ya ce cikakkiyar inshora ta yi tsada, ya kuma tabbata an rubuta ambaliya cikin abubuwan da takardarsa ta ɗauka.

Abin da ke jikin direba

Takardar neman inshora tana tambayar wanda zai riƙa tuƙi, da shekarunsa, da daɗewar lasisinsa, da haɗurran da ya taɓa yi. Sabon hannu da ƙaramin yaro sun fi shiga haɗari a ko'ina cikin duniya, don haka kamfani na iya ƙara kuɗi, ko ya ƙara kason da mai mota zai ɗauka da kansa in an zo gyara. Dokokin hanya na 2012 sun sa shekara 25 a matsayin mafi ƙarancin shekarun direban motar haya, ko da yake ana ba da lasisin ƙaramar mota tun daga shekara 18. Lasisi kuma aji aji ne. Mai lasisin ƙaramar mota da ya hau babbar bas, a idon doka da na kamfani kamar marar lasisi yake. Iyaye masu miƙa wa yaro makulli ranar Sallah ya je ya zaga gari, da direbobi masu barin yaron mota ya ja ta zuwa wurin wanki, su sani cewa a wannan ɗan lokacin kariyar da suka biya tana iya zama ba ta aiki.

Ga kuma hanyar ragi ta halal wadda da yawa ba su san da ita ba. Mai cikakkiyar inshora da ya yi shekara bai nemi a biya shi komai ba, yana da haƙƙin rangwame ranar sabuntawa. Rangwamen yana hawa shekara bayan shekara, har ya kai rabi ga motar gida in aka jera shekaru lafiya. Na motar haya bai kai haka ba, amma shi ma abin a zo a gani ne. Rangwamen na mai mota ne, ko ya sauya kamfani yana iya neman shaidarsa ya tafi da ita. Saboda haka, in ɗan ƙwarzane ne wanda mai fenti a Kokompe zai shafe da kuɗi kaɗan, a yi lissafi tukuna: sau da yawa gyara daga aljihu ya fi sauƙi a kan rasa rangwamen shekaru. Amma wannan game da motarka ne kawai. In an taɓa mutum ko dukiyar wani, a sanar da 'yan sanda da kamfani nan da nan, ko da an yi sulhu a bakin titi, domin raunin da aka raina yau yana iya zama ƙara a kotu bayan wata shida.

Tsawon wa'adi ma yana da tasiri. Ana yanka inshorar wata ɗaya ko wata uku, kuma mai neman na yau da gobe yakan ga ta fi sauƙi. Amma in aka tara kuɗin gajerun wa'adin nan na shekara guda, sun fi na shekara da aka biya gaba ɗaya, ga kuma haɗarin mantuwa ranar da wa'adi ya ƙare. Direban da zai riƙa ware 'yan sidi kullum a wurin mai susu domin wannan buƙata, zai ga ranar sabuntawa ta zo masa da sauƙi.

Sitikar bogi

Mafi arha a kasuwar inshora ita ce wadda babu ita sam. Shekara da shekaru 'yan tsakiyar nan da ake kira "goro boys", masu tare mutum a ƙofar ofishin lasisi, wasunsu sun sha sayar wa direbobi sitikar da ba wani kamfani da ya san da ita. Abin kunya ne ma a ce sunan goronmu, abin girmama baƙo da ɗaurin aure, shi aka laƙaba wa wannan sana'a. Don toshe wannan kafa ne hukumar NIC ta buɗe rumbun bayanan inshorar motoci a Janairun 2020. Duk inshorar gaskiya tana shiga cikinsa, kuma kowa na iya dubawa da wayarsa, ko ba babbar waya ba ce: a danna *920*57#, a sa lambar mota, sai bayani ya fito. Mai mota ya duba tun yana tsaye gaban wanda ya karɓi kuɗinsa. Fasinja ma yana da ikon dubawa kafin ya hau motar Tamale ko Bawku. Ya kamata a lura, rumbun yana nuna cewa akwai inshora, amma ba shi zai gyara ƙaryar da aka yi wajen cika takarda ba. Ta Hajiya tana ciki, kuma ba ta amfane ta ba.

Masu ƙetare iyaka

Da yawa cikin masu karanta wannan mujalla, musamman 'yan'uwa masu bin shafukan Faransanci, suna da zumunta ko fatauci a Lome da Wagadugu da Yamai da Kwatano. Inshorar ƙasa ɗaya ba ta isa a wata ƙasa sai da katin nan mai ruwan ƙasa na ECOWAS, wanda aka kafa tsarinsa a Kwatano a 1982, domin wanda motar baƙo ta buge ya samu inda zai nemi haƙƙinsa. Shi ma yana cikin abin da ke shiga lissafin kuɗi. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wajibi ne mai ɗaukar albasa ko shanu ko fasinja ta Paga ko Kulungugu ya je ofishin kamfaninsa kafin tafiya, a nuna masa a rubuce ƙasashen da takardarsa ta ɗauka.

Me malamai suka ce?

Na san akwai mai karatun da tun farkon wannan rubutu yake cewa a ransa: ita inshorar ma halal ce? Tambaya ce mai tushe. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka a 1978, da majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985, duk sun tafi a kan cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, saboda jahilcin abin da za a samu da kuma cuɗanya da riba, suka halatta inshorar taimakekeniya. Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya ya saɓa musu, yana ganin halaccinta. Daga wancan ra'ayi na taimakekeniya aka gina takaful, wanda kamfaninsa na farko ya buɗe a Sudan a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Haƙƙinmu ne mu riƙa tambayar kamfanoni da hukuma irin wannan tsari, domin ɗan kasuwa ba ya kasa hajar da ba a tambaya.

Game da inshorar dole kuwa, malamai da yawa, har cikin masu haramta ta kasuwanci, sun ce wanda hukuma ta tilasta wa babu laifi a kansa. Bayanin cikakkiyar inshora da abin da mutum zai karɓa daga gare ta, kowa ya zauna da malaminsa. Amma akwai abubuwa biyu da ban taɓa jin an yi saɓani a kansu ba. Na farko, wanda ya lalata dukiyar wani ko ya raunata shi, ko da bisa kuskure ne, ramuwa ta hau kansa. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san babin diyya: raƙuma 100, ko dinari 1,000 ga ma'abota zinariya, kuma a kisan kuskure dangin mai laifi, wato aƙila, su ke haɗuwa su biya cikin shekara uku, don kada jinin Musulmi ya tafi a banza, kada kuma mutum ɗaya ya durƙushe. A Zangon yau, ina dangin da za su haɗa wannan? Mai hawa titi ba tare da ingantacciyar inshora ba ya ɗauki nauyin da shi da danginsa ba za su iya saukewa ba, marayun wani ne kuma za su ɗanɗana. Kaffarar azumin wata biyu a jere kuwa, inda ta wajaba, tana nan a wuyan direba, ba kamfanin da zai ɗauke masa.

Na biyu, ƙarya a cikin ƙulla yarjejeniya haramun ce, ko da wa aka ƙulla ta. Wanda yake ƙyamar inshora saboda tsoron Allah, ba zai kuma yi ƙarya a takardarta don ya rage sidi ɗari biyu ba.

Yadda zaman ya ƙare

Malam ya yi sulhu a ranar. Hajiya da ɗan ƙaninta suka ɗauki kuɗin asibitin magidancin da na makonnin da ya yi bai fita nema ba, shi kuma ya yafe sauran. Motar ta yi wata bakwai a wurin makanike kafin a haɗa kuɗin gyara, sai da Hajiya ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya. Da muka zauna daga baya muka lissafa bambancin da ke tsakanin kuɗin motar gida da na motar haya, wanda dillali ya ce ya taimake su da shi, bai wuce abin da motar ke kawowa a mako biyu ko uku ba. Dillalin kuwa, wayarsa ba ta sake shiga ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai mota, da ke 'yar'uwa da kika zuba jarinki a mota kika ba wani, ranar sabunta inshora ku je da ƙafarku, ko ku bi ta wakilin da kamfani ya san da shi. Ku faɗi aikin motar yadda yake, da adadin kujerunta, da kimarta ta yau, da sunan mai tuƙa ta. Ku tambayi rangwamenku in kun cancanta, ku tambayi iyakar abin da za a biya na dukiyar wani da kason da zai hau kanku. Ku karɓi rasit, ku duba a waya kafin ku tashi. Wanda bai iya karatun Turanci ba ya zo da takardarsa ofishin ƙungiya, akwai matasanmu da za su karanta masa. Wanda kuma ya faɗi gaskiya tun farko, kamfani ya ƙi biyansa ko ya riƙa ja masa rai, ƙofar hukumar NIC a buɗe take domin karɓar koke, ba sai ya haƙura ya ce haka Allah Ya so ba.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali. Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a cikinta, Ya ba masu jinya lafiya, Ya sa albarka a abin hawanmu da abin nemanmu. Amin.